Makin sulke, tauri da sihiri a Minecraft: yadda wasan ke lissafa raunin da ke kai wa jikinka

Gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu buga Minecraft a Samaru da Kongo ita ce: me ya sa mutum yana sanye da cikakken sulke, layin da ke saman zukatansa a cike, amma kirifa ɗaya, wato dodon wasan mai fashewa kamar bam, ya fashe kusa da shi ya mutu nan take? Amsar tana cikin abubuwa uku da wasan ke lissafawa daban-daban: makin sulke, tauri, da makin sihiri. Layin da kake gani a allo na farkon kaɗai yake nunawa.

Ɗan wasa yana da lafiya 20, wato zukata 10. Kowane sulke kashi huɗu ne: kwalkwali, riga, wando da takalmi, kuma a na fata, zinariya, ƙarfe da lu'ulu'u ana buƙatar guda 24 na kayan haɗi kafin a kammala su, 5 da 8 da 7 da 4. Na fata yana ba da maki 7, na zinariya 11, na sarƙa 12, na baƙin ƙarfe 15, na lu'ulu'u da na nedarait (ƙarfen da ake samowa a Nether, duniyar wuta ta wasan) kuwa 20 kowanne. Riga ce ta fi ɗaukar kaso: a na lu'ulu'u ita kaɗai maki 8 ce, shi ya sa da ita ake fara kashe duwatsu. Kowane maki yana rage kashi 4 cikin 100 na rauni, don haka maki 20 ya kamata ya tare kashi 80.

Sai dai tun sabuntawar 1.9 ta 2016, wannan kashi 80 ɗin a kan ƙaramin bugu kawai ake kusantarsa. Duk girman bugu, haka yake cin wani ɓangare na makinka kafin a yi lissafi. A sigar Java, wato ta kwamfuta, ga yadda abin yake: raba taurinka gida 4, ka ƙara 2, ka raba ƙarfin bugun da abin da ya fito, sannan ka cire sakamakon daga makin sulkenka. Abin da ya rage shi ake ninkawa da 4, ya ba da kashin raunin da za a tare. Akwai iyaka ta ƙasa: ba ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na makinka na asali.

A nan tauri ke shigowa. Fata, zinariya, sarƙa da ƙarfe ba su da shi ko ɗis. Lu'ulu'u yana da 2 a kowane kashi, jimla 8. Nedarait yana da 3, jimla 12.

Ɗauki bugu mai ƙarfin 10. Mai ƙarfe zai rasa maki 5, saura 10, ya tare kashi 40, ya sha 6. Mai lu'ulu'u zai rasa 2.5 kawai, ya sha 3. Mai nedarait ya sha 2.8. Yanzu ninka bugun ya zama 20: mai ƙarfe ya koma maki 5, ya sha 16, zukata takwas ke nan sun tafi. Mai lu'ulu'u 8, mai nedarait 7.2. Idan bugun ya kai 40, kwatankwacin fashewar kirifa dab da kai a matsakaicin matakin wahalar wasan, ƙarfe ya faɗo kan iyakarsa ta maki 3, yana tare kashi 12 kacal. Lu'ulu'u ya bar 24 ya shige, nedarait 20.8. Dukkansu ukun mutuwa ce, alhali layin allo bai motsa ba.

Sannan akwai raunin da sulke bai san da zamansa ba: faɗowa daga sama, nutsewa a ruwa, shaƙewa cikin bulo, dafi, ruwan tsafin da mayya ke jifa da shi, da wutar da ke ci gaba da cin jikinka bayan ka fita daga cikinta.

Sihiri shi ne shinge na biyu, kuma a kan abin da ya tsallake sulke yake aiki. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Ƙofar Fada ya san ƙarfen sulke daban, lifidi mai kaurin auduga daban. Kowanne da irin abin da yake tarewa. Sihirin kariya, wanda allo ke rubutawa Protection, yana ba da maki 1 a kowane mataki, har zuwa mataki na IV. Na wuta, na fashewa da na kibiya suna ba da 2 a kowane mataki, amma a kan nasu nau'in raunin kawai. Feather Falling, na takalmi, yana ba da 3 a kan faɗuwa. Ana tara makin kashi huɗun, kowane maki kashi 4 cikin 100, iyaka 20. Girman bugu ba ya cin wannan makin, kuma sihirin kariya yana rage faɗuwa da dafi da ƙuna waɗanda sulke ya kasa. Yunwa, faɗawa ramin da ba shi da ƙasa, da tsawar da wodin, makahon dodon ƙarƙashin ƙasa, ke harbawa daga ƙirjinsa, su ne suka fi ƙarfinsa.

Kariya IV a dukkan kashi huɗu maki 16 ne, kashi 64. Koma kan lissafinmu. Mai ƙarfen da ya sha 16 yanzu 5.76 zai sha, ƙasa da 7.2 na mai nedarait marar sihiri. A fashewar 40 kuwa zai sha kusan 12.7 ya tashi da ransa, mai nedarait ɗin yana kwance. Wannan ne ya sa muke ganin kuskure ne mutum ya shafe dare yana haƙar Nether neman nedarait alhali ko teburin sihiri bai kewaye da akwatunan littattafai 15 ba. Amfanin nedarait na gaske yana wajen da ba ya ƙonewa a narkakken dutse, da yadda kowane kashi ke rage ture ka da kashi 10. Bambancin raunin da ke tsakaninsa da lu'ulu'u ɗan kaɗan ne.

Kashi ɗaya ba ya ɗaukar nau'in kariya biyu, dole ka zaɓa. Wasu suna cika sulke da na fashewa IV huɗu, maki 32, ba su san 12 sun zube a banza ba tunda iyaka 20 ce, kuma kibiya da takobi sun same su ba ko maki ɗaya na sihiri. Haɗin da ya fi ma'ana ga mai yawan hulɗa da fashewa shi ne kariya IV uku da na fashewa IV ɗaya: 12 da 8, daidai 20 a kan fashewa, sauran rauni kuma ya ragu da kashi 48. Feather Falling ba ya cikin wannan rikicin, yana zama a takalmi tare da kariya, kuma Feather Falling IV da kariya IV a kashi biyu na sulke suna kai faɗuwa iyakar kashi 80.

Kada a manta da lalacewa. Duk bugun da sulke ya tare, kowane kashi yana rasa kwata na ƙarfin bugun, aƙalla 1. Rigar ƙarfe tana jure 240, ta lu'ulu'u 528, ta nedarait 592, kuma ranar da ta karye sihirinta ma ya tafi. Unbreaking III, sihirin rage lalacewa, a jikin sulke kashi 30 kawai na lalacewar yake hanawa, bai kai yadda yake yi wa gatari ba, don haka Mending, sihirin da ke gyara kaya da makin gogewa, shi ne ke riƙe su. A maƙera kuma, inda ake biya da matakan gogewa, kowane aiki yana ninka harajin na gaba, da zarar kuɗin ya kai mataki 40 maƙerar ta ƙi aiki. Haɗa littattafan sihiri bibbiyu tukuna, sannan ka ɗora su a kan sulken, maimakon saka su ɗaya bayan ɗaya.