Waiwaye: Yadda neman gurbi a layin gaba ya zama rigimar watan Agusta a gasar NFL

A ƙarshen watan Agustan kowace shekara, ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, suna rage 'yan wasansu daga 90 zuwa 53. Cikin kwana ɗaya ko biyu sama da mutum dubu ke rasa aiki. 'Yan jarida sun fi bin labarin masu jifa da masu gudu, amma inda koci-koci suka fi shan ciwon kai shi ne layin gaba, wato ƙartin nan biyar da ke durƙusawa a jere kafin a fara kowane hari. Akwai ɗan tsakiya, wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga kwatabak, mai jifan da ke jagorancin hari. Akwai masu gadi biyu a hagunsa da damansa, sai 'yan gefe biyu da ke rufe bakin layin. Ba sa cin maki, ba a ma yarda su cafe ƙwallon da aka jefo gaba ba sai da sanarwa ta musamman. Aikinsu su hana a taɓa kwatabak, su kuma buɗa hanya ga mai gudu. Ƙungiya takan shiga sansanin horo da irinsu wajen goma sha biyar, ta fito da tara ko goma.

Wannan gasa ta neman gurbi ba haka take tun asali ba. Kafin 1950, lokacin da NFL ta tabbatar da dokar canja ɗan wasa ba iyaka, mutum ɗaya ne ke yin hari ya kuma tsaya tsaron gida. Ƙungiya gaba ɗayanta ba ta wuce mutum 33 ba a farkon shekarun 1950, sai a 1964 aka kai 40. Chuck Bednarik na Philadelphia Eagles, ɗan tsakiya a hari kuma mai tsaron baya, ya yi kusan dukan wasan ƙarshe na 1960 bai fita ba, kuma ko a lokacin ana kallonsa a matsayin ragowar tsohon zamani. Waɗanda ba su sami gurbi ba kuwa sai dabara. A shekarun 1940 mai ƙungiyar Cleveland Browns, Arthur McBride, ya riƙa sa sunayen 'yan wasan da koci Paul Brown ba ya son rabuwa da su cikin jerin ma'aikatan kamfaninsa na tasi, ana biyansu a can suna atisaye a nan. Daga nan rukunin 'yan atisaye na yau ya samo tushe.

Shekarar 1978 ce ta sauya fasalin mutumin da ake nema. Kafin ita, doka ta tilasta wa ɗan layin gaba ya dunƙule hannuwa a ƙirji, ya baje gwiwoyin hannu, ya tare abokin karawa da kafaɗa da jiki. A shekarar aka ba shi damar miƙe hannu da buɗe tafi idan yana kare mai jifa. Nan da nan tsawon hannu da nauyi suka zama abin dubawa, har ta kai masu farautar 'yan wasa suna yawo da tef ɗin awo. A 1970 da wuya ka ga ɗan wasa mai nauyin kilo 136 a duk gasar. Yau wanda bai kai haka ba a layin gaba shi ake kira ƙarami. A dai wannan shekara ta 1978 aka ƙara wasannin kaka daga 14 zuwa 16, aka rage wasannin share fage daga shida zuwa huɗu. Ka riƙe wannan, domin daga nan lokacin gwaji ya fara raguwa, kuma bai sake ƙaruwa ba.

Sai ga Lawrence Taylor. New York Giants ta ɗauke shi a 1981, mai tsaron baya ne da ke afko wa kwatabak daga inda ba ya gani. Mai jifa da hannun dama idan ya tsaya zai yi jifa bayansa na fuskantar hagu, don haka ɗan gefen hagu ne kaɗai tsakaninsa da asibiti. Ranar 18 ga Nuwamba 1985 Taylor ya faɗa wa Joe Theismann, kwatabak ɗin Washington, ƙafar Theismann ta karye a gaban masu kallon talabijin, bai sake buga wasa ba. Bayan an buɗe kasuwar 'yan wasa a 1993, aka kuma ƙayyade kuɗin albashin kowace ƙungiya a 1994, kuɗi ya bi ɗan gefen hagu. Rams ta ɗauki Orlando Pace a matsayin na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1997, Dolphins ta yi haka da Jake Long a 2008, Chiefs da Eric Fisher a 2013.

Ƙayyade albashin nan shi ya haifi rigimar Agusta a sigar da muka san ta. Idan ka zuba miliyoyi kan mutum biyu ko uku a layi, dole sauran gurabun su cika da masu arha: sababbi, waɗanda ba a zaɓa ba, da tsofaffin hannu masu kwantiragin shekara ɗaya. Shi ya sa nake ganin yawan surutun da ake yi kan wa zai fara wasa ɓata baki ne a mafi yawan ƙungiyoyi. Mutum huɗu cikin biyar an san su tun watan Mayu, kwantiraginsu ya riga ya yanke hukunci. Ainihin kokawar tana kan na bakwai, na takwas da na tara, mutanen da ko magoya bayan ƙungiyar ba su iya faɗin sunayensu ba.

A kan waɗannan gurabu ba wanda ya fi kowa iyawa ake ɗauka ba, wanda ya fi amfani ake ɗauka. Koci yana son ɗan gefe guda da zai iya tsayawa hagu ko dama, abin da ya fi wuya fiye da yadda ake zato, tunda ƙafar da ke baya da hannun da ke fara kai bugu duk juyawa suke yi. Yana kuma son mai gadi da zai iya komawa tsakiya. Shi ya sa a sansani za ka ga ƙaton da bai taɓa miƙa ƙwallo a jami'a ba ya tsaya bayan an tashi atisaye, shi da kwatabak na uku, yana ta miƙawa yana maimaitawa, domin ya san wannan ɗan abin ne zai iya raba shi da wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Akwai kuma gwajin mutum da mutum: ɗan layin gaba ɗaya, mai kai farmaki ɗaya, kwatabak na bogi a baya, kyamara a sama. Daƙiƙa uku ne kacal. Da yamma a ɗakin taro kocin layi zai mayar da hoton baya sau biyar, yana nuna inda ƙafa ta makara ko inda kai ya sunkuya.

A da lokacin irin wannan gwaji yana da yawa, har ya yi yawa. Sansani kan kai mako shida, ana atisaye sau biyu a rana cikin cikakkun kayan kariya, a tsakiyar zafin Yuli da Agusta. Ranar 31 ga Yuli 2001 Korey Stringer, ɗan gefen dama na Minnesota Vikings, ya yanke jiki ya faɗi bayan atisayen safe a garin Mankato. Zafin jikinsa ya haura digiri 42, ya rasu kafin wayewar gari yana da shekara 27. Mutuwarsa ta sa aka sake duba yadda ake gallaza wa masu manyan jiki. Shekara goma bayan haka, a yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, aka hana atisaye biyu masu karo a rana ɗaya, aka taƙaita na cikin kaka zuwa 14. Yarjejeniyar 2020 ta ƙara matsewa, atisayen sansani da kayan kariya bai wuce 16 ba. A 2021 kuma wasannin kaka suka koma 17, na share fage suka dawo uku.

Ba mai hankalin da zai ce a koma zamanin Mankato. Amma gaskiyar da koci-kocin layi suka daɗe suna faɗa tana nan: mai cafe ƙwallo zai iya nuna kansa cikin gajeren wando, ɗan layin gaba kuwa ba a gane shi sai an yi karo. Ga shi jami'o'i da yawa sun koma salon hari mai sauri inda ɗan layi ba ya ko dafa ƙasa da hannu, ya iso NFL yana buƙatar koyarwa daga tushe a daidai lokacin da aka rage kwanakin koyarwar. Wannan ya sa ƙungiyoyi suka rungumi atisayen haɗin gwiwa, inda biyu ke haɗuwa kwana ɗaya ko biyu kafin wasan share fage, kowa ya gwada mutanensa da baƙin fuska.

Abin mamaki, yarjejeniyar 2020 ɗin da ta rage lokacin gwaji ita ce ta ɗaga darajar mutum na takwas. Ƙungiya na iya sa wa mutum 47 riga ranar wasa, amma idan takwas daga cikinsu 'yan layin gaba ne, sai a ba ta 48. Kafin haka da yawa kan fito da bakwai kawai. Wanda ke shakkar amfanin haka ya tuna Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, na Fabrairun 2021. Kansas City Chiefs ta shiga wasan ba 'yan gefenta biyu, Fisher ya tsinke jijiyar dunduniya a wasan da ya gabata, Mitchell Schwartz na fama da baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kwatabak ɗinta Patrick Mahomes ya yini yana gudun ceton rai, Tampa Bay ta ci 31 da 9. Chiefs ta sake layin ɗungurungum a bazarar da ta biyo baya, kuma biyu daga cikin waɗanda suka fara wasan farko sababbi ne fil, Creed Humphrey da Trey Smith. Shi Smith sai a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasa aka ɗauke shi.

Idan ana neman ƙungiyar da ta fi cin moriyar wannan gasa ta sansani, Eagles ce. Jason Peters, wanda ya riƙe mata gefen hagu sama da shekara goma, ba wanda ya zaɓe shi a 2004. Buffalo Bills ta ɗauke shi a wani matsayi dabam, ta sallame shi, ta ajiye shi a rukunin 'yan atisaye, daga baya ya koma layin gaba, Eagles ta saye shi a 2009. Jason Kelce ya zo a zagaye na shida a 2011, ana cewa ya yi ƙanƙanta, ya ƙwace tsakiya daga hannun Jamaal Jackson tun a sansaninsa na farko. Amma labarin Jordan Mailata ya fi su duka. Ɗan wasan rugbi ne daga Ostiraliya, tsayinsa ya haura mita biyu, bai taɓa buga wasan Amurka ko sau ɗaya ba lokacin da Eagles ta ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018. Ta bar shi cikin mutum 53 duk da bai shirya ba, ya yi kaka biyu bai shiga wasa ba, koci Jeff Stoutland na koya masa daga yadda ake tsayuwa. A sansanin 2021 aka haɗa shi da Andre Dillard, wanda ƙungiyar ta kashe zaɓen zagayen farko a kansa a 2019. A ƙa'ida wanda aka kashe wa jari shi ke da rinjaye, ko don a rufa wa masu zaɓe asiri. Mailata ya yi nasara, Dillard ma ya ji rauni a gwiwa ana tsakiyar sansanin, kuma kafin wasan farko na kaka aka ba Mailata kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 64.

Dalilin da ya sa Eagles ba ta yi gangancin sallamar Mailata a 2018 ba yana cikin dokar ranar rage 'yan wasa. Duk wanda bai cika kaka huɗu a gasar ba, idan aka sallame shi, sauran ƙungiyoyi na da damar ɗauke shi da kwantiraginsa zuwa washegari, waɗanda suka fi rashin nasara su ke da fifiko. Sai ya tsallake wannan za a iya dawo da shi rukunin 'yan atisaye, mai gurbi 16. Saboda ƙarancin manyan mutane masu saurin ƙafa, ɗan gefe matashi da ya yi kyau a wasan share fage da wuya ya tsallake. Tsohon hannu kuwa akasin haka ne: idan yana cikin ƙungiya a makon farko albashinsa na shekara ya tabbata, don haka wani lokaci a sallame shi a dawo da shi a mako na biyu. Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. A 2024 mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa cikin 53 dala 795,000 ne, ɗan rukunin atisaye kuwa 12,500 a mako, kuma ana iya korarsa kowace Talata.

Hanyar da Mailata ya bi, shirin NFL na 'yan wasan ƙetare da aka fara a 2017, ita ce ta kai wasu 'yan Najeriya wannan fage. Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan Giants, ya shiga farautar masu jiki a Najeriya, kuma cikin mutum takwas da shirin ya rarraba wa ƙungiyoyi a 2023 shida 'yan Najeriya ne, har da 'yan layin gaba biyu, Roy Mbaeteka a Chicago Bears da Chukwuebuka Godrick a Chiefs. Daga 2024 kowace ƙungiya na da gurbi na 17 a rukunin atisaye don ɗan ƙetare. Galibi gurbin koyo ne, kuma masu irinsa sun fi kowa dogaro da zubi na uku da na huɗu na wasannin share fage, lokacin da manya suka cire kwalkwali suka koma benci.

Waɗannan wasannin kuma su ake shirin sake ragewa. Shugaban gasar, Roger Goodell, ya faɗa a fili cewa yana son kaka mai wasa 18 da share fage biyu. Hakan na buƙatar amincewar ƙungiyar 'yan wasa, kuma yarjejeniyar da ake kai yanzu za ta ci gaba har ƙarshen kakar 2030.