Sabar murya a kan kwamfutarka: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Tambayoyin nan kullum su ne dai, sai maimaita su ake yi. Ga amsoshin, a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mene ne sabar murya ta gida?

Manhaja ce da ke zaune a kan na'urarka tana jira. Ka tura mata rubutu, ta dawo maka da fayil ɗin sauti, yawanci WAV. Ba ruwanta da intanet bayan ka sauke ta.

Zan iya buɗe ta ga intanet don in riƙa amfani da ita daga ko'ina?

Kada ka yi. Na sa wannan a sama ne saboda nan ne mutane ke jawo wa kansu. Yawancin waɗannan ƙananan sabobin ba su da kalmar sirri ko ɗaya, duk wanda ya gano adireshin zai iya cika ta da dogayen rubuce-rubuce har na'urar ta sandare. Idan kai kaɗai ne a kan kwamfutar, ɗaure ta a 127.0.0.1, adireshin da kwamfutar kaɗai ke iya kaiwa gare shi. Idan sauran na'urorin gida za su yi amfani da ita, sa 0.0.0.0, amma kada ka buɗe mata ƙofa (port, lambar da ake bi a isa gare ta) a rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan. Mai buƙatar shiga daga waje ya bi ta WireGuard ko Tailscale, manhajojin VPN da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya zuwa gida.

Wace manhaja zan ɗauka?

Piper. Fara da ita. Tana da sauƙi, ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 na iya ɗaukarta. In ka riga ka iya ta kuma muryar ba ta gamsar da kai ba, sai ka duba Kokoro ko XTTS.

Sai ina da GPU, wato katin sarrafa hoto?

Ga Piper, a'a. Ga XTTS, i, sai dai in kana da haƙurin jira.

Yaya ake girka ta?

Ka ƙirƙiri keɓaɓɓen muhalli na Python da venv, ka buga `pip install piper-tts`, sannan ka sauke murya. Kowace murya fayil biyu ce: ɗaya mai ƙarewa da .onnx, ɗaya da .onnx.json. Dole su zauna wuri ɗaya da suna iri ɗaya. Rabin masu kukan "ta ƙi tashi" fayil na biyu ne suka manta. Murya mai matsakaicin inganci ba ta wuce megabait 60 da ɗoriya ba. Ka gwada ta da jimla ɗaya tukuna, in ka ji sauti, sannan ka tayar da sabar.

Ta ce ƙofar 5000 tana hannun wani.

Wata manhaja ce ta riga ka. A kan Mac, sau da yawa AirPlay ne ke riƙe da wannan lambar. Canja zuwa wata. Masu Home Assistant (manhajar sarrafa na'urorin gida) kuwa, taku sabar da tsarin Wyoming take aiki, a ƙofar 10200.

Tana daɗewa kafin ta fara magana. Me ya jawo?

To, wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya bai auna ba. Abin da za a fara tambaya shi ne: jinkirin a kowace buƙata ne, ko a ta farko kaɗai? In ta farko ce kawai, babu abin damuwa, muryar ce ake lodawa cikin RAM. In kuma kowane lokaci ne, akwai yiwuwar tsarin da ka haɗa yana kiran manhajar sabuwa fil a kowace jimla, wato yana loda muryar, ya yi magana, ya rufe, ya sake. Amfanin sabar ke nan tun farko, a loda sau ɗaya a bar ta a buɗe.

Idan ba wannan ba ne, ka auna. Ɗauki sakin layi guda, ka ga daƙiƙa nawa aka ɗauka wajen samar da sautin, ka raba da tsawon sautin. Daƙiƙa 2 don sautin daƙiƙa 10 ya ba ka 0.2, lafiya lau ne. In lissafin ya haura 1, na'urar ba ta kai saurin maganar ba, sai ka sauko daga murya mai babban inganci zuwa matsakaiciya, ko ka nemi na'ura mai ƙarfi.

Amma fa yana yiwuwa lissafin ya yi kyau kuma ka ci gaba da jira. Dalili shi ne an saba rubuta tsawon sauti a goshin fayil ɗin WAV, don haka sabobi da yawa sai sun gama duk rubutun kafin su turo komai. Ka tura shafi guda, ka jira shafi guda. Maganinsa a yanka rubutun jimla-jimla, ana kunna ta farko ana haɗa ta biyu. Sai dai yankan ma yana da nasa ciwon kai: in a kowane ɗigo kake yankawa, gajerun kalmomi da lambobi irin 3.5 za su rabe biyu, kuma wani lokaci amon muryar yakan ɗan canja tsakanin jimloli. Dole ka saurara da kunnenka ka daidaita.

Wani abu da ake mantawa: zafi. Raspberry Pi na rage gudun kansa in ya kai wajen digiri 80. Idan da safe tana sauri, bayan ta jima tana aiki ta fara jan ƙafa, sa mata fanka kafin ka zargi manhaja. Masu Docker (manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe) kuma su duba ko sun taƙaita mata firosesa ba su sani ba.

Muryar ta koma siririya da sauri, ko kuma ta yi kauri tana ja.

Ba lalacewa ta yi ba, kwantar da hankalinka. An samar da sautin a 22050 Hz ko 16000 Hz, kai kuma kana kunna shi a wata lamba daban. Buɗe fayil ɗin .json, lambar tana ciki. In saurin magana kake son ragewa da gangan, ƙara length_scale.

Akwai muryar Hausa?

Akwai. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da tarin muryoyi mai suna MMS, mai harsuna sama da 1,100, ta Hausa sunanta mms-tts-hau. Coqui, masu XTTS, su ma sun fitar da wadda aka horar da karatun Littafi Mai Tsarki. Kada ka sa rai da muryar hira, salon karatu za ka ji. Rubutunmu kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya ne a idonta, sai ta yi canki. Ka rubuta ɓ, ɗ, ƙ yadda suke, ka adana fayil a UTF-8, ka kuma mayar da lambobi kalmomi kafin ka tura, in ba haka ba tana iya tsallake su.

Tunda a kwamfutata take, zan iya sayar da sautin?

Ina ruwan lasisi da inda ka ajiye ta? MMS tana ƙarƙashin CC BY-NC 4.0, ba a kasuwanci da ita. XTTS ma ba a kasuwanci da ita a ƙarƙashin nata lasisin, ko da yake kamfanin Coqui ya rufe a farkon 2024. Muryoyin Piper kowace da nata sharaɗin, yana cikin fayil ɗin MODEL_CARD da ke tare da ita. Karanta shi.

In wuta ta ɗauke ta dawo, sai na tayar da ita da hannu?

A'a. Yi mata fayil na systemd, mai tayar da manhajoji a Linux, sa `Restart=always`, sannan `systemctl enable`. A Docker kuma `--restart unless-stopped`.