Me ake nufi da "manajan aiki mai zaman kansa" a gidan tarihi?

Idan ka ga gidan tarihi ya buga talla yana neman "firilansa", wato manaja mai zaman kansa, da zai riƙe ragamar wani aiki na wata 18, ba ma'aikacin dindindin ake nema ba. Mutum ne da ake ɗauka don aiki guda, a biya shi gwargwadon kwanakin da ya yi ko matakan da ya kammala, aiki na ƙarewa ya tattara komatsansa. Babu albashin wata, babu fansho, harajinsa ma shi ke lissafawa. Asalin kalmar a Turanci sojan haya take nufi, mai mashin da duk sarkin da ya biya shi, shi zai yi wa yaƙi.

Abin da ya haifar da sana'ar shi ne yadda kuɗi ke shigowa. Gidajen tarihi da yawa da tallafi suke manyan ayyukansu, shi kuwa tallafi yana da ranar farawa da ranar rufewa. A Birtaniya, asusun National Lottery Heritage Fund na raba kuɗin cacar ƙasa ga irin waɗannan ayyuka tun bayan kafa shi a 1994. Babban ɗakin karatu na ƙasar ma yana da shirin da ya fara a 2004 na ba da tallafin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke neman lalacewa, kuma shirin ya shafi rubuce-rubucen Arewacin Najeriya. Ƙaramin gidan tarihi mai ma'aikata ƙalilan ba zai iya riƙe manaja har abada saboda aikin shekara biyu ba.

Mutane kan haɗa shi da masanin kayan tarihi, alhali ba ɗaya ba ne. Masani shi ya san shekarun gunkin Nok, tsohon mutum-mutumin yumɓu, da inda aka tono shi. Manaja kuwa lokaci da kuɗi da mutane ne a hannunsa. A ce za a sake tsara ɗakunan baje koli a Gidan Makama da ke Kano. Ginin ƙasa ne, don haka dole magina su gama yaɓe kafin damina ta sauka. Kafin a taɓa ko da tandu ɗaya, sai an ɗauki hotonsa, an rubuta duk tsagewar da ke jikinsa, an sa masa lamba. Kafinta na jiran awon akwatunan gilashi, mai fassara na jiran rubutun allunan bayani, ga izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ga masu tallafi na son rasit ɗin kowace ƙusa. Manajan ne zai jera duk wannan, ya san wanne ke jiran wanne.

A ganina, wahalar aikin tana wajen iko. Baƙo ne, ba shi ke ba da ƙarin girma ba, amma zai ce wa wanda ya shekara 20 a gidan, "Ranka ya daɗe, jerin kayan nan Alhamis nake buƙatarsa." Sai da lallami.

Akwai kuma ranar tafiya. Wani manajan yakan kama gabansa da lambar kafinta da kalmar sirrin ma'ajiyar hotuna duk a wayarsa. Shi ya sa ya kamata tun a takardar yarjejeniya a rubuta cewa kason ƙarshe na kuɗinsa ba zai fita ba sai ya miƙa fayil da makullai ga ma'aikacin gidan.