Takashi Murakami

Takashi Murakami mai zane ne ɗan ƙasar Jafan, an haife shi a Tokyo ranar 1 ga Fabrairu, 1962. An fi saninsa da furanni masu fuskar dariya da kuma wata halitta mai manyan kunnuwa da ya raɗa wa suna Mr. DOB a 1993. Abin da ya fi jawo masa ka-ce-na-ce kuwa shi ne yadda yake kallon sana'ar kanta. A wurinsa zane kasuwanci ne kuma aikin gayya ne, mai zanen da ya raina lissafin kuɗi kuma ba zai daɗe yana aiki ba.

Karatu da fita waje

Mahaifinsa direban tasi ne. Burinsa na ƙuruciya shi ne ya shiga harkar katun ɗin Jafan da ake kira anime, amma a jami'ar fasaha ta Tokyo sai ya tsinci kansa a sashen Nihonga, salon gargajiya da ake yi da garin duwatsu masu launi a kan takarda ko siliki. Ya yi nisa a ciki har ya sami digirin digirgir a 1993, sai dai ya fito yana ganin salon ya rufe kansa a ɗaki, ba ruwansa da rayuwar mutanen zamaninsa.

A 1994 ya sami tallafi ya tafi New York. A can ya yanke shawarar da ta zama ginshiƙin aikinsa: tunda Jafan ba ta da kasuwar zanen zamani mai ƙarfi, zai fara yin suna a Amurka da Turai, sannan ya dawo gida da sunan. Ya sha faɗa wa matasa cewa kasuwar Yamma tana da ƙa'idojinta. Hannu mai kyau kaɗai ba ya isa, dole mai zane ya iya bayyana inda aikinsa ya tsaya a tarihin fasaha, kuma ya yi bayanin da harshen da masu saye da masu gidajen baje koli ke ji.

Nasa bayanin shi ne Superflat, ra'ayin da ya fito da shi a 2000, aka baje shi a Los Angeles a 2001. Ya ce zanen Jafan, daga na zamanin Edo (ƙarni na 17 zuwa na 19) har zuwa katun, shimfiɗaɗɗe ne, ba ya neman nuna zurfi kamar na Turawa. Haka kuma Jafan ta bayan yaƙin duniya na biyu ba ta sa katanga mai tsawo tsakanin zanen manya da kayan wasan yara ba.

Kaikai Kiki

A 1996 ya buɗe wurin aiki mai suna Hiropon Factory, wanda ya zama kamfanin Kaikai Kiki a 2001, da babban ɗakin aiki a lardin Saitama da reshe a New York. Murakami kan fara da ƙaramin zane a takarda. Ma'aikata su ɗora shi a kwamfuta, a yi ta gyara layi da launi yana dubawa, sannan a buga a kan kyalle hawa-hawa, a goge har sai an daina ganin sawun buroshi. Ya yi suna wajen tsanani: aikin da bai gamsar da shi ba sai an sake shi, shi kansa kuma yakan kwana a wurin aikin. Ana rubuta sunayen waɗanda suka sa hannu a bayan zanen.

Masu kwatanta shi da Andy Warhol, mai zanen Amurka da shi ma ya yi aiki da mataimaka da yawa, ba su yi kuskure ba, amma shi ya fi jingina kansa da gidan Kano na Jafan, zuriyar masu zane da suka yi ƙarni huɗu suna yi wa sarakunan yaƙi aiki. (Sunan ya yi kama da na birninmu ne kawai, babu dangantaka.) Can ma maigida ke fitar da tsari, almajirai su cika. Sunan kamfanin ma daga kalmomin da aka siffanta aikin Kano Eitoku na ƙarni na 16 aka ɗauko shi. Da irin wannan tsari ya yi zanen almajiran Buddha 500 mai tsawon mita 100 bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, inda ɗaliban fasaha kusan 200 suka taya shi. An fara nuna shi a Doha a 2012.

Kamfanin yana kula da harkokin wasu masu zane kamar Aya Takano, kuma daga 2002 ya riƙa shirya GEISAI, kasuwar da matasa ke kai aikinsu kai tsaye ba tare da dillali ba.

Kuɗi da suka

Haɗin gwiwarsa da Louis Vuitton, kamfanin kayan ƙawa na Faransa, ya sa zanensa a kan jakunkuna daga 2003. A baje kolinsa na Los Angeles a 2007 har shagon sayar da jakunkunan aka buɗe a cikin gidan tarihin, da gangan. A Mayun 2008 aka yi gwanjon wani mutum-mutuminsa a gidan gwanjo na Sotheby's kan sama da dala miliyan 15.

A gida bai sami irin wannan tarba ba. Masoya katun da dama suna ganin ya kwashi al'adarsu ya sayar wa attajiran waje, a Faransa kuma wasu sun yi zanga-zanga lokacin da aka sa ayyukansa a fadar Versailles a 2010. Zargin cewa kuɗi kawai yake bi dai bai cika zama daidai ba, domin ribar takan tafi ne kan ayyukan da ba sa dawo da ita. Fim ɗinsa na 2013 bai yi kasuwa ba, duk da haka ya shafe shekaru yana zuba kuɗi a kashi na biyu. A 2020, da annobar korona ta tsayar da ciniki, ya fito a Instagram ya ce kamfaninsa na dab da karyewa, ya dakatar da fim ɗin. Kamfanin ya tsira. A baje kolinsa na Kyoto a 2024, an tara wani ɓangare na kuɗin shiryawa ne ta tsarin gudummawar haraji ga ƙananan hukumomi, masu bayarwa kuma aka saka musu da katunan da ya zana.