Gano Matsalar Intanet Mai Sauri a Tsohuwar Kwamfutar Gida

Gano matsalar intanet mai sauri a tsohuwar kwamfutar gida aiki ne na bin sawun haɗin intanet tun daga inda ya shigo gida har zuwa burauzar da ake buɗe shafuka da ita, domin a san takamaiman inda ya tsinke. Tsohuwar kwamfuta a nan ita ce mai aiki da Windows XP, wanda ya fito a 2001 kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da shi ranar 8 ga Afrilu 2014, ko mai aiki da Windows 7, wanda aka daina kula da shi ranar 14 ga Janairu 2020. Sau da yawa layin intanet ɗin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ta kasa fahimtar ƙa'idojin da na'urori da shafukan yau suke aiki da su, kuma wanda bai lura da haka ba yakan shafe kwanaki yana ɗora wa kamfanin sadarwa laifin da ba nasa ba.

Bambance laifin layi da na kwamfuta

Matakin farko shi ne a haɗa wata na'ura, kamar wayar hannu, da rautar da kwamfutar ke amfani da ita, wato na'urar da ke raba intanet ga sauran na'urorin gida. Idan wayar ma ba ta sami intanet ba, matsalar tana ga layi, modem ko rautar kanta, sai a kashe modem ɗin na kusan rabin minti a sake kunnawa, a duba fitilunsa. A layin ADSL, wanda ke bin wayar tarho ta tagulla, rashin ƙaramar na'urar tace sigina (filter) a kan kowane tarho da ke gidan yakan sa haɗin ya riƙa katsewa, kuma nisan gida daga cibiyar tarho yana rage gudu ƙasa da megabit 8 a daƙiƙa da ainihin ADSL ke iya kaiwa. A Najeriya da Nijar, inda gidaje da dama ke samun intanet ta modem mai ɗaukar sim, ƙarewar data da raunin sigina su ne abubuwan da ake fara dubawa.

Kebul da Wi-Fi

Idan an tabbatar layin yana aiki, gara a haɗa kwamfutar da rauta ta kebul ɗin Ethernet, wanda bai kamata tsawonsa ya wuce mita 100 ba. Ƙaramar fitilar da ke bakin ramin kebul tana nuna ko haɗin ya kama. Idan ba ta kunnu ba, ko dai kebul ɗin ya lalace, ko kuma direban katin sadarwar, wato manhajar da ke sa Windows ya yi aiki da katin, ya ɓace, abin da ke yawan faruwa bayan an sake ɗora Windows.

Wi-Fi ya fi wahalarwa. Tsofaffin katuna masu bin ƙa'idar 802.11b ta 1999 ko 802.11g ta 2003 suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4 kaɗai, saboda haka ba za su ma ga sunan rautar da aka saita a gigahaz 5 ba. Haka kuma wasunsu tsarin tsaro na WEP kawai suka sani, alhali rautocin yanzu suna amfani da WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3. Mayar da rauta kan WEP don a gamsar da tsohon kati kuskure ne babba, domin an daɗe da gano hanyar fasa shi cikin mintuna; ƙaramin katin Wi-Fi na USB mai direban da ya dace ya fi zama mafita.

Adireshi da sunayen shafuka

Kowace kwamfuta tana karɓar adireshin IP daga rauta ta tsarin DHCP. Umarnin ipconfig, wanda ake rubutawa a tagar umarni ta Windows (Command Prompt), yana nuna adireshin: wanda ya fara da 192.168 yawanci alama ce ta cewa rautar ta amsa, wanda kuma ya fara da 169.254 yana nufin Windows ya jira bai sami amsa ba, sai ya ba kansa adireshi. Ana neman sabo da ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Idan umarnin ping, mai gwada ko saƙo yana kaiwa ga wani adireshi, ya isa 8.8.8.8, adireshin DNS na Google, amma shafuka ba sa buɗewa da sunayensu, matsalar tana ga DNS, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lamba, kuma ana iya saita wannan adireshin na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a madadin na kamfanin sadarwa. Inda cutar kwamfuta ta lalata saitin sadarwa, umarnin netsh winsock reset yakan mayar da shi yadda yake.

Agogo da tsaron shafuka

Nan ne tsufan kwamfuta ya fi bayyana, kuma nan ne aka fi yin kuskuren fahimta, domin wasu shafuka suna buɗewa, wasu kuma suna ƙi. A kan babban allon da ke cikin kwamfuta (motherboard) akwai ɗan batir mai kama da kwabo, galibi CR2032 mai bolt 3, wanda ke riƙe kwanan wata idan an cire wuta. Idan ya mutu, agogon yakan koma shekarun baya, burauza kuma sai ta ƙi amincewa da takardun shaidar tsaro na shafuka, tunda a lissafinta lokacin fara aikinsu bai zo ba. Canza batirin da gyara kwanan wata yana warware wannan nan take.

Abin da batir ba zai gyara ba shi ne tsufan burauzar kanta. Internet Explorer 8 a kan Windows XP bai san ƙa'idar tsaro ta TLS 1.2 ba, wadda yawancin shafuka ke buƙata a yau. Chrome ya tsaya a siga ta 49 a kan XP a 2016, Firefox a siga ta 52, sannan Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe a Windows 7. Ranar 30 ga Satumba 2021 kuma wa'adin wata takardar shaida ta tushe da Let's Encrypt, cibiyar da ke ba shafuka takardun shaidar tsaro, take dogaro da ita a lokacin ya cika, lamarin da ya hana tsofaffin na'urori da yawa buɗe shafukan da suke buɗewa kwana guda kafin nan. Idan bincike ya kai nan, babu sauran abin gyarawa a layi ko rauta. Masu gyara sukan ɗora wa kwamfutar wani nau'in Linux marar nauyi a madadin Windows, kamar Lubuntu ko Debian, wanda ke zuwa da sabuwar burauza, muddin ma'adanar RAM ɗinta za ta iya ɗaukar shafukan zamani.