Tunawa da gaba da hanyoyin kashe ta a Jamhuriyar Nijar

Tunawa da gaba ita ce duk hanyar da al'umma take bi ta riƙe labarin kisa, wulaƙanci ko wariyar da ƙiyayya ta jawo mata, domin kada labarin ya ɓace, kuma domin a samu abin kafa hujja idan alamunsa suka sake bayyana. A Jamhuriyar Nijar wannan aiki bai taru a hannu ɗaya ba. Wani sashe nasa yana bakin tsofaffi da maroƙa, wani yana cikin littattafai da waƙoƙi da wasan taubasantaka, wani kuma yana cikin dokoki da hukumomin da ke da mazauni a Yamai. Jihar Tawa, wadda ta haɗa Adar ta manoma da Azawak ta makiyaya, tana da kaso mai yawa na abubuwan da ake tunawa, tun daga shigowar Faransawa har zuwa shekarun nan.

Ayarin 1899 da tarihin baka

Tabo mafi tsufa da ake ambato shi ne na ayarin sojan Faransa da kaftin Voulet da mataimakinsa Chanoine suka jagoranta, wanda ya baro bakin kogin Isa a farkon 1899 da nufin kaiwa tafkin Cadi. Ayarin ya bi garuruwa yana ƙone rumbuna, yana kame mata da masu dako, yana kashe duk wanda ya yi gardama. A watan Afrilu ya faɗa wa Lugu, garin Azna, masu bin addinin gargajiya, a ƙasar Arewa ta Dogonduci, inda Sarauniya Mangu ta tare shi da 'yan baka, a watan Mayu kuma ya shiga Birnin Ƙwanni ya yi kisan da har yau ba a daina ba da labarinsa a garin ba. Da labarin ta'asar ya isa Faris, an aiko kanar Klobb ya karɓi ragamar ayarin, amma Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin ayarin da kansu suka kashe Chanoine da Voulet, kuma kaburburansu suna nan a Maijirgi, kusa da Tasawa. Abin lura shi ne Turawan ayarin 'yan ƙalilan ne, yawancin masu riƙe da bindiga baƙaƙen fata ne da aka ɗebo daga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, abin da ya sa labarin bai da sauƙin rabawa gida biyu kamar yadda ake so a jawabin biki.

Shekaru da yawa baki ne kawai ya riƙe wannan labari, domin makarantar zamanin mulkin mallaka ba ta da dalilin koyar da shi. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka soma ɗaukar tarihin baka da muhimmanci. Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki, ya tsaya tsayin daka wajen tattara labaran tsofaffi da rubuce-rubucen ajami da na Larabci, kuma a 1968 aka kafa a Yamai cibiyar nazarin harsuna da tarihi ta hanyar al'adun baka, wadda aka sani da CELHTO. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, aikin da ya nuna cewa Hausawa da Abzinawa da Fulanin yankin sun daɗe suna cuɗanya ta yaƙi da aure da fatauci gaba ɗaya. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama, an gina shi ne bisa manufar nuna wa kowace ƙabila gidan 'yar uwarta da suturarta da sana'arta, don haka ya fi ƙarfi wajen koyar da sanin juna fiye da baje raunukan da aka yi wa juna.

Adabi ne ya fitar da Sarauniya daga Lugu ya kai ta duniya. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya daɗe yana gudun hijira, ya buga littafinsa a kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Masu bincike sun lura cewa jarumar littafin ta fi ta bakin mutanen Lugu girma da ado, domin marubucin ya cike giɓi da ƙirƙira. Duk da haka ta wannan hanya ce yaran lakwal suka san sunanta, alhali waɗanda aka kashe a Ƙwanni ba su samu marubuci irin wannan ba.

Cintabaradan da sulhun 1995

A watan Mayun 1990 wasu samarin Abzinawa, daga cikin waɗanda fari da rashin aiki suka kora zuwa Libiya da Aljeriya sannan suka dawo, suka kai hari kan ofisoshin hukuma a garin Cintabaradan da ke jihar Tawa. Martanin soja ya faɗa kan fararen hula a garin da zangunan da ke kewaye. Hukuma ta ba da adadin gommai, ƙungiyoyin Abzinawa suka ce ɗaruruwa ne ko fiye, kuma wannan saɓani shi kansa ya zama wani ɓangare na ciwon. Babban taron ƙasa da ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi André Salifou, ya saurari maganar a bainar jama'a tare da ta ɗalibai uku da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, waɗanda ƙungiyar ɗalibai take tunawa da su kowace shekara. Sauraron bai gamsar da waɗanda aka zalunta ba, kuma kafin shekarar ta ƙare tawaye ya kankama a arewa.

An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai ranar 24 ga Afrilun 1995, zamanin shugaba Mahamane Ousmane, da shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa, Rhissa Ag Boula kuma ya sa hannu a madadin 'yan tawaye. Yarjejeniyar ta tanadi afuwa, da shigar da tsoffin mayaƙa aikin soja da na gwamnati, da sakar wa jihohi da ƙananan hukumomi wani sashe na iko. Tun daga nan 24 ga Afrilu ta zama ranar hutu ta sulhu da haɗin kan 'yan ƙasa, kuma an sha gudanar da babban bikinta a Cintabaradan ɗin kanta, da sukuwar raƙuma da kiɗan tende. Ranar 25 ga Satumban 2000 aka ƙone bindigogi fiye da dubu a Agadas a bikin da aka kira wutar zaman lafiya. Hukumar da aka kafa don bin diddigin yarjejeniyar ita ce daga baya, a 2011, ta koma babbar hukumar ƙarfafa zaman lafiya, HACP. Sai dai afuwa ta rufe ƙofar shari'a, kuma bikin ya fi karkata ga murnar ajiye makamai fiye da ambaton waɗanda suka mutu. Sabon tawayen da aka yi daga 2007 zuwa 2009 ya nuna cewa ƙorafin bai ƙone tare da bindigogin ba.

Waƙa ta taka rawa iri biyu a wannan zamani. Kaset-kaset na jitar Abdallah ag Oumbadougou sun zaga a ɓoye suna kiran samari ga tawaye, bayan sulhu kuma mawaƙin ya fito fili yana waƙar zaman lafiya. A 2004 aka kafa ƙungiyar Etran Finatawa, wadda ta haɗa mawaƙan Abzinawa da na Fulanin Wodaɓe a dandali ɗaya, mutanen da suka saba haɗuwa a bakin rijiya ɗaya, wani lokaci da gardama.

Taubasantaka

Daga cikin abubuwan da mutanen Nijar suke tinƙaho da su wajen kashe gaba babu kamar wasan taubasantaka. Asalinsa a cikin gida yake, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa ko na ya da ƙane, waɗanda al'ada ta ba su damar tsokanar juna ba tare da fushi ba, har da karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Daga gida wasan ya faɗaɗa zuwa ƙabilu: Bagobiri da Bazabarme, Bafulatani da Babarbare, Bafulatani da Ba'are, Bazabarme da Ba'abzine. A tasha ko a ofis, mutum yakan dubi tsagen fuskar baƙo ko ya ji sunan garinsu sai ya ce masa, “Kai bawana, tun yaushe ka iso ba ka zo ka gaida ubangijinka ba?” shi kuma ya rama da abin da ya fi wannan zafi, a rabu ana dariya. Ƙa'idarsa mai nauyi ita ce taubashi ba ya zubar da jinin taubashinsa, kuma idan ya shiga tsakani a rigima ana jin kunyar ƙin maganarsa. Da yawa daga cikin waɗannan alaƙoƙi ana danganta su da tsohon yaƙi ko tsohuwar amana, wato wasan da kansa wata hanya ce ta tuna gaba bayan an cire mata dafi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. A fagen kokowar gargajiya, wadda aka fara gasar takobinta a Tawa a 1975, 'yan kallo da masu barkwanci sukan cika fili da irin wannan tsokana tsakanin jihohi.

Wasan yana da iyaka. Yana aiki ne tsakanin waɗanda suke ganin juna daidai, shi ya sa kalmar bawa take ba da dariya a bakin taubasai. Ga mutumin da ake hana aure ko gona ko limanci saboda an ce kakansa bawa ne, kalmar ba wasa ba ce, kuma babu taubashin da zai cire masa ita.

Bauta da wahaya

Wannan fanni ne ya fi nuna abin da doka take iyawa. A 1991 aka kafa ƙungiyar Timidria, sunan da ke nufin 'yan'uwantaka da Tamajak, domin yaƙi da bauta da wariyar asali. Matsin lambarta ya taimaka aka yi dokar 2003 da ta mayar da bautar da mutum babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A yankunan Ƙwanni da Illela da Madawa da Buza an daɗe da sanin al'adar wahaya, inda mai hali yake sayen yarinya 'yar asalin bayi ya ajiye ta bayan matansa huɗu, ba sadaki, ba haƙƙin aure, sai aikin gida da na gona. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya a 1996 kan jika 240. Ko da ta samu takardar 'yanci a 2005, da ta auri wanda take so sai aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta yanke cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2014 kotu a Birnin Ƙwanni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu kan riƙe wahaya. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, don haka nauyin irin waɗannan ƙararraki ya ƙara komawa kan kotunan cikin gida.

Manoma da makiyaya

A ƙarshen Oktoban 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa, rikicin ɓarnar gona a Toda cikin jihar Maraɗi ya rikiɗe ya zama kisan Fulani fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, layin da ya ratsa jihar Tawa, amma yawan jama'a da fari sun tura gonaki cikin makiyaya da burtali. Kundin tsarin karkara da aka kafa da dokar 2 ga Maris 1993 ya samar da kwamitocin kula da filaye da ake kira kofo, a matakin ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma, inda hakimai da ma'aikatan gona da na kiwo da wakilan manoma da makiyaya suke zama tare. Su ne suke rubuta takardun gado da saye da jingina da aro, su kafa alamu a gefen burtali, su duba ɓarna kafin a yanke diyya. Kowace kaka hukuma takan tsayar da ranar sakin gonaki, wadda bayanta dabbobi suke da damar shiga su ci kara. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da 'yancin makiyayi na yin ƙaura da dabbobinsa. Aiki ne marar armashi, ba kiɗa ba tuta, kuma kofo da yawa suna fama da rashin kuɗin mai da na takarda, amma shi ne ya fi kusa da wurin da faɗa yake farawa.

Shekarun baya-bayan nan

Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta juya kan Kiristocin ƙasa a Damagaram da Yamai, aka ƙone majami'u da dama, mutum goma suka mutu. Bayan nan kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai, masu haɗa malamai da fastoci, suka ƙara samun muhimmanci a jihohi. Ranar 21 ga Maris 2021 kuma 'yan bindiga bisa babura suka afka wa Intazayan da Bakorat da wasu zanguna a gundumar Tiliya, suka kashe mutum 137 bisa ƙidayar gwamnati, aka yi zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasa. Yawancin mamatan Abzinawa makiyaya ne. Tiliya a da tana ƙarƙashin Cintabaradan ne, sai a 2011 aka yanke ta ta zama gunduma mai cin gashin kanta.