Ƙa'idojin ɗakin haihuwa da zaman bita: amsoshi ga ungozomomi

Ƙa'idar aiki doka ce?
A'a. Amma duk wadda ta kauce mata, ta rubuta dalilinta a fayil.

In mace ta rasu aka kira zaman bita, mai laifi ake nema?
Sau nawa za a faɗa? A tsarin MPDSR, wato tsarin bitar mace-macen mata masu ciki ko haihuwa da jarirai, ba a kama suna, ba a ɗora wa kowa laifi. Inda aka yi jinkiri ake nema: a gida, a hanya, ko a asibiti. Ku kwantar da hankalinku, ku daina gyara fayil bayan mai afkuwa ta afku.

Oxytocin nawa, kuma yaushe?
Allura ce mai sa mahaifa ta tsuke don hana zubar jini: yunit 10 a cinyar uwa, cikin minti ɗaya da fitowar jariri.

Ido bai isa ya kiyasta jini ba?
Bai isa ba, zani da katifa shanye jini suke yi. A binciken E-MOTIVE na 2023, a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, an shimfiɗa leda mai ma'auni, jini na kai mililita 500 sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, oxytocin, tranexamic acid (maganin da ke taimaka wa jini ya daskare), ƙarin ruwa, da duba yagewa. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Mun bi ƙa'ida, jini bai tsaya ba, kuma firjinmu ya kwana biyu ba wuta. Me za mu yi?
Wannan sai an bi a hankali. Oxytocin sanyin digiri 2 zuwa 8 yake so, zafi na rage masa ƙarfi, amma kwalbar ba ta nunawa. Mai yiwuwa maganin ne, mai yiwuwa kuma guntun mabiyiya ne ya maƙale, ko bakin mahaifa ya yage, wanda ba allurar da za ta tsayar da shi. Don haka a taɓa mahaifa tukuna. In ta saki, ƙwayar misoprostol mai tsuke mahaifa, maikirogiram 800 a ƙarƙashin harshe na iya taimakawa, ko da yake yakan kawo zazzaɓi da rawar jiki. Tranexamic acid giram 1 ta jijiya, cikin awa uku da haihuwa; bayan nan ba a ga amfaninsa ba. In babu jinin ƙari a wurinku, ku tura matar wani asibiti tun tana magana, da ruwa a hannu. Batun firjin kuwa, a rubuta shi ƙarara, domin abin da bai shiga takarda ba kwamitin bita ba zai gyara shi ba.

Dole ne a rubuta lokaci?
Dole. Awa da minti.